Iccen Baka: Yadda Ake Zaɓensa a Dajin Ƙasar Nan

Baka yana cikin tsofaffin kayan aikin da mutanen ƙasar nan suka gada kaka da kakanni. Kafin bindiga ta yawaita, da shi ake neman nama, da shi ake tsaron garke da rumbu, da shi kuma ake kare gari ranar yaƙi. A yau amfaninsa ya ragu ƙwarai, amma bai ɓace ba. Ana ganinsa a hannun mahalba, da wasu makiyaya, da ƴan baka masu rakiyar sarki ranar hawan salla. Abin da yake neman ɓacewa shi ne sanin iccen da ake yin sa da shi. Tsofaffin da suka riƙe wannan sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, itatuwan da suke zaɓa kuwa suna tafiya cikin murhu tare da sauran makamashi, ba wanda ya tsaya ya bambanta su.

Mai karatu zai yi tsammanin manyan itatuwa ne suke ba da baka, irin su kirya ko tsamiya, tun da su aka sani da ƙarfi. Al'amarin ba haka yake ba. Baka na ƙwarai yana fitowa ne daga ƙananan itatuwan da ke bakin tabki, da gindin suri, da gefen gona, waɗanda ake sassabewa kowace bazara. Wanda ya iya zaɓe, sanda ɗaya yake sara ta ishe shi shekaru, ya bar kututture da rai. Wanda bai iya ba kuwa sai ya sare goma kafin ya dace da guda.

Baka cikin tarihi

Yaƙe-yaƙe biyu sun isa su nuna matsayin da baka yake da shi a da. A watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto tsakanin rundunar Sarkin Gobir Yunfa da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Gobirawa suna da dawaki masu yawa, wasu sanye da lifidi. Jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu yana ga masu baka da ke ƙasa, kuma su suka rinjaya a wannan rana. Bayan shekara 95, a watan Afirilu na 1899, mutanen Lugu ta ƙasar Arewa, ƙarƙashin Sarauniya Mangu, suka tari ayarin sojan Faransa na Bule da Shanuwan da kibau, alhali abokan gabarsu suna riƙe da bindigogin zamani. An ƙone garin, amma mutanensa suka shige kurmin ƙaya, aka kasa kama Sarauniya.

Waɗannan bakunkuna duka daga dajin da ke kewaye da masu su aka saro su. Bakan ƙasar Hausa sanda ɗaya ce, ba a haɗa ta da ƙaho ko a manna mata jijiya kamar yadda Turkawa da mutanen tsakiyar Asiya suke yi. Galibi tsawonsa bai kai na mai shi ba. Kibiyarsa marar nauyi ce: kan ƙarfe daga maƙera, jiki na kyauro, kuma yawanci ba a sa mata gashin tsuntsu. A da, dafin kwankwani da ake shafa wa kanta shi ne yake gama aikin. Don haka mahalbi ba ya bukatar bakan da sai ƙato zai iya ja. Abin da yake nema shi ne bakan da zai bi da shi cikin sarƙaƙiya bai sarƙe ba, ya jure zafin rana, ya daɗe a ɗame bai saki ba.

Aikin da icce yake yi

Kafin a ambaci sunayen itatuwa, ya kamata a fahimci wahalar da sanda take sha sa'ad da aka ja tsirkiya. Baka yana da fuska biyu. Wadda take duban abin halbi ita ce bayansa, wadda take duban mahalbi kuwa ita ce cikinsa. In aka ja tsirkiya, zaren iccen da ke baya yana miƙewa kamar igiyar guga, na ciki kuma yana matsewa kamar ginshiƙin da aka aza wa kaya. Da an saki, sai duka biyu su koma mazauninsu a lokaci ɗaya, wannan komawa ita take tura kibiya.

Ke nan ana bukatar hali uku ga icce. Na farko, zarensa ya zama dogo mai tauri, don kada baya ya tsinke. Na biyu, namansa ya zama matsattse, don kada ciki ya lotsa. Na uku, ya zama mai komawa yadda yake bayan an tanƙwara shi. Icce mai gautsi yana faɗuwa a sharaɗin farko: yana da ƙarfi, amma rana ɗaya zai karye ba sallama, wani lokaci ya ji wa mai shi ciwo a fuska ko a hannu. Icce mai laushi yana faɗuwa a na biyu da na uku: ba ya karyewa, amma in an kwance tsirkiya sai ya zauna a lanƙwashe, ƙarfinsa ya tafi, kibiya ta riƙa faɗuwa kusa.

Akwai wani lissafi da masana suka tabbatar, wanda masassaƙa suka daɗe da sani a hannu. In aka ninka faɗin sanda sau biyu, ƙarfinta ga tanƙwarawa yana ninkuwa sau biyu. In kuwa kaurinta aka ninka sau biyu, daga baya zuwa ciki, ƙarfin yana ninkuwa sau takwas. Shi ya sa kankara kaɗan a cikin baka take sauya shi da yawa, shi ya sa kuma sandar da ta fi wata kauri da ɗan abu kaɗan take iya gagarar mai ja.

Itatuwan da suka dace

Dargaza ita ce kan gaba. Ƙaramin icce ne mai rassa da yawa daga gindi ɗaya, mai rawayan fure da ƙananan ƴaƴa da yara suke tsotsa. Ganyenta kore ne ta sama, fari-fari ta ƙasa, dalilin da ya sa masana ilimin tsirrai suka kira ta Grewia bicolor, wato mai launi biyu. Fulani suna ce mata kelli, kuma da ita suke yin sandar kiwo, domin tana lanƙwasawa ba ta karye ba. Wannan hali shi ne ake nema ga baka. Ana samunta a gindin suri, da bakin tabki, da gangaren dutsi inda ruwa yake ɗan tsayawa. Ɓawonta yana ba da igiya. Ba a nan kaɗai aka gane darajarta ba: mahalban hamadar Kalahari, can kudancin Afirka, da wata ƴar uwarta mai suna Grewia flava suke yin nasu bakunkuna. Mutane biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sun gwada itatuwan dajinsu, sun tsaya ga dangi ɗaya.

Na biyu shi ne ɗunɗu, wanda ake kira Dichrostachys cinerea. Ana gane shi da ƙayarsa mai kama da ɗan reshe, da furensa mai rataye kashi biyu, sama ja-ja, ƙasa rawaya. Zuciyarsa baƙa-baƙa ce, mai nauyi, gara ba ta cika damunta ba. Bakan ɗunɗu yana da ƙarfi ko da siriri ne. Wahalarsa ɗaya ce: yakan tashi a karkace, da ƙaya da rassa ko'ina, sai an yi yawo kafin a sami miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon da ake so. Inda ake dacewa shi ne tsakiyar kurmi, wurin da ya tsiro a cunkushe yana neman rana. Amfaninsa kuma shi ne yana tohowa daga saiwa, sara ɗaya ba ya kashe shi.

Na uku ita ce magarya. Kowa ya san ƴaƴanta, amma iccenta ma abin nema ne, da shi ake ƙotar gatari da ta kalme saboda yana shan duka bai tsage ba. Tsohuwar magarya a murɗe take, ba ta ba da baka. Tohon da ya fito daga kututturen da aka sare shekarun baya shi ne abin dubawa, domin yakan tashi a miƙe, ba shi da rassa da yawa a ƙasa.

Marke yana bin bayansu. Icce ne na kwari da fadama, mai tauri da nauyi, ƙananansa suna tashi sambal. Sai dai yana son tsagewa in ya bushe da gaggawa, don haka yana bukatar haƙuri fiye da sauran. A yawancin wurare ya yi ƙaranci, bai kamata a sare matashin marke mai gindi ɗaya saboda baka ba, sai dai a ɗauki ɗaya daga cikin toho masu yawa.

A kudu, wajen Gaya da bakin kogin Kwara inda ruwan sama ya fi yawa, ana samun gora. Gorar ƙasashen nan tana da kaurin nama, ramin cikinta ƙarami ne, ba kamar ta ƙasashen Asiya ba. Ƙarfinta yana ga fatarta ta waje, don haka ba a kankare wannan fata, ita ake barin ta zama bayan baka. Ana zaɓen wadda ta shekara uku ko fiye, wadda launinta ya fara komawa rawaya. Sabuwar gora ruwa ne da zaƙi, ƙwaro yana cinye ta cikin ƴan watanni.

Geza kuwa, wadda ta cika faƙo da tudun dutsi, rassanta suna tanƙwaruwa da sauƙi, shi ya sa ake kujeru da gadaje da ita. Ga bakan babban mutum ta cika sirantaka da laushi. Amma ta isa bakan yaro mai koyo, kuma a kanta yara da yawa suka fara gane bambancin ɗanyen icce da busasshe.

Waɗanda ba su dace ba

Sanin abin da za a bari rabin aiki ne. Kuka, da tumfafiya, da dashi, namansu sakwaf yake, ba su da abin da za su riƙe tsirkiya da shi. Ɗanya tana da kyau ga akushi da turmi, amma ba ta da tsawon zaren da baka yake so. Gawo ba shi da taurin da ake bukata, ƙwaro yana son sa, ga shi kuma amfaninsa a gona ya fi gaban a taɓa shi. Kirya ta fi kowa tauri, ita ce gawayin maƙera da turmin da ake gada, amma nauyinta da ƙin tanƙwaruwarta sun hana ta wannan aiki. Aduwa tana ba da allo da ƙota mai kyau, sai dai tana cikin itatuwan da hukuma ta kare.

Saura baƙin itatuwa, wato bedi, wanda wasu suke kira dogon yaro, da turare. An kawo su ne a ƙarnin da ya wuce domin inuwa da itacen gini da tare iska, kamar layukan bedin da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975. Suna tashi a miƙe, suna kusa da gida, shi ya sa matasa suke fara kai musu gatari. Amma icce mai saurin girma sau da yawa namansa bai matsu ba, zaren bedi kuma yakan sarƙe da juna. Suna iya ba da bakan wasa, ba su kai dargaza ba.

Yadda ake duba sanda tun tana tsaye

Sunan icce kaɗai ba ya isa. Cikin dargaza ashirin, wataƙila biyu ne ko uku za su yi baka. Mai zaɓe yana fara duban tsawo: sanda ta kai daga ƙasa zuwa ƙirjinsa ko haɓarsa ba tare da babban reshe ba, da ɗan ƙari a kowane kai saboda tsagewar bushewa. Kaurinta a tsakiya ya kai santimita huɗu ko biyar, wato ta cika hannu. Ƴar lanƙwasa guda mai tafiya gefe ɗaya ba laifi ba ce, wuta tana gyara ta. Sandar da ta karkace nan ta karkace can, ita ce abin gudu.

Sa'an nan ya dubi ɓawo. In layukan ɓawo suna hawa a miƙe, zaren ciki ma a miƙe yake. In suna kewaya sanda kamar tufkar igiya, iccen a murɗe yake, bakansa zai riƙa juyawa a hannu har tsirkiya ta zame. Ya dubi kuma idon reshe. Kowane ido rauni ne, domin zare yana rabuwa ya kewaye shi. Ƙaramin ido a gefe ko a ciki ana iya zama da shi. Babban ido a baya, a daidai inda baka ya fi tanƙwaruwa, nan ne zai karye. Haka tabon wutar daji, da cizon akuya ko raƙumi da ya warke, da ƴan ramuka masu zubo gari, alamar ƙwaro ya riga ya shiga.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya kashe icce. A karya ɗan ƙaramin reshe na jikin wannan sanda. In ya ɓalle ƙas, baki sumul kamar an yanka, iccen mai gautsi ne. In ya ƙi rabuwa, ya tsattsage da dogayen zaruruwa sai an murɗa, an sami abin nema. Bayan bushewa ana iya ƙara gwaji biyu. A jefa guntunsa cikin ruwa: wanda ya nutse, ko ya tsaya da ƙyar kansa kaɗai a waje, matsattse ne. A kuma ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa: busasshen icce lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, mai ruɓa a ciki kuwa muryarsa a dushe take.

Icce mai rai ake sara. Wanda ya mutu a tsaye ya riga ya sha rana da ƙwaro, ko da ya yi kyau a ido, zarensa ya gaji.

Sara, busarwa da sassaƙa

Lokacin da ya fi dacewa da sara shi ne bayan kaka, cikin ɗari, sa'ad da ganye ya fara zuba, ruwan jikin icce ya ragu. Sandar damana cike take da ruwa, tana daɗewa ba ta bushe ba, tana kuma saurin yin fumfuna. Ana sara da gatari mai kaifi, a karkace, ɗan sama da ƙasa, don ruwan sama ya riƙa zamewa daga kan kututture, kada ya ruɓe.

Daga nan sai babban haɗari, wato iskar hunturu. Tana busar da bakin sanda da fatarta tun ciki yana jiƙe, sai icce ya tsage daga kai. Maganin wannan shi ne a shafe bakin biyu da kakin zuma ko ƙaro ko mai, a ajiye sanda a inuwa cikin ɗaki, a kwance bisa wani abu, nesa da ƙasa saboda gara. In an jingina ta a bango tana ɗanya, za ta bushe a lanƙwashe. Wanda yake da ma'auni yana iya auna ta kowane mako: ranar da nauyinta ya daina raguwa, ta bushe. Wannan yakan ɗauki watanni. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, wanda yake son baka a salla mai zuwa, tun bana zai sari sandarsa.

Karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi gaskiya ce ga siffa kaɗai. Tun da sauran ɗanshi ake shafa wa sanda mai, a gasa ta bisa garwashi ba bisa harshen wuta ba, a sa ta a tsakanin rassa biyu a miƙar da inda ya karkace, ko a juya kawunanta yadda ake so, a ɗaure har ta huce. Amma ba a ɗaura wa ɗanyar sanda tsirkiya. In aka yi haka, cikinta zai lotsa tun ba a fara ba, ba kuma za ta sake miƙewa ba.

Wajen sassaƙa doka ɗaya ce ba a karyawa: ba a taɓa bayan baka. Ana ɓare ɓawo a hankali, a bar naman da ke ƙarƙashinsa yadda Allah ya yi shi, domin ko ƙaramin yanka a nan yana tsinka zare, daga nan karaya take farawa. Ana ragewa ne daga ciki da gefuna, da gizago tukuna, sa'an nan da kankarar wuƙa, ana sirantawa daga tsakiya zuwa kawuna. Bayan kowace kankara sai a kafa kai ɗaya a ƙasa, a danna, a duba. Inda ya ƙi tanƙwaruwa a rage, inda ya cika tanƙwaruwa a bar shi. Ana so hannuwan baka biyu su raba wahala daidai.

Tsirkiya ta murɗaɗɗiyar fata ce, kuma tana saki in ta ji laima. Icce ma haka: a damana yana shan ɗanshi ya yi sanyi, a tsakiyar rani yana bushewa har ya yi gautsi. Masana sun ce ya fi lafiya in ruwan da ke jikinsa yana wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Shafa man shanu ko man kaɗe lokaci lokaci yana rage wannan shiga da fita. Sassauta tsirkiya in an gama aiki, da nisanta baka daga rana da bakin murhu, suna ƙara masa shekaru.

Kada a ci iri

Tarihin wata ƙasa mai nisa yana da abin lura a nan. Ingila ta yi suna da dogon baka a yaƙe-yaƙenta da Faransa, ana yin sa da wani icce da Faransawa suke kira if. Da nata ya kasa isarta, sai ta koma saye daga waje. A 1472 aka kafa doka cewa jiragen fatake masu shigowa su kawo sandunan baka huɗu bisa kowane tan na kayansu. Cikin ƙarnin da ya biyo baya aka sare wannan icce a dazuzzukan tsakiyar Turai har ya yi wuyar samu. Icce ne mai jinkirin girma, sara ya fi tsiro sauri.

Itatuwan bakan ƙasar nan sun fi shi sauƙin hali, tun da dargaza da ɗunɗu da magarya duka suna tohowa bayan sara. Duk da haka sun sha wuya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe da yawa, gonaki sun ci saura, birane kuma kullum suna neman makamashi. Taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984 ya jawo hankalin ƙasa ga wannan masifa. A daidai wannan lokaci, a jihar Maraɗi, aka fara yaɗa dabarar raya kututture a gona, wadda Toni Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi aiki a kanta tare da manoma. Maimakon a sassabe toho duka a ƙone, sai a zaɓi ƙarfafa biyu zuwa biyar a bari, a rage sauran, a riƙa datse ƙananan rassa na ƙasa. Binciken da aka yi da hotunan sama a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan biyar sun farfaɗo ta haka, da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Wannan dabara ita ce ainihin abin da mai neman baka yake bukata. Tohon da aka rage wa kishiyoyi, aka datse wa rassan ƙasa tun yana ƙarami, shi ne yake tashi a miƙe, ba ido, ba tabo. Manomin da ya bar gindin dargaza ko magarya a iyakar gonarsa, bayan ƴan shekaru yana da sandar baka, da ƙota, da sandar kiwo, da igiya, da ganyen dabbobi, ba tare da ya taka daji ba. In ya sari ɗaya, sauran suna nan, wani kuma zai fito a gurbinta.

Ta fuskar hukuma, dokar gandun daji ta ranar 8 ga Yuni 2004 ta yarda da haƙƙin al'ada na mutanen da ke maƙwabtaka da daji ga bukatun gidansu, amma da iyaka, musamman cikin gandun da aka keɓe. Itatuwa irin su gawo, da tsamiya, da kuka, da giginya, da aduwa, ba a sare su sai da izini. Halbin namun daji kuma yana da tasa doka ta 1998. Mallakar baka ba izinin halbi ba ne. Wanda zai shiga daji irin na Baban Rafi ko na Takeita, ya fara zuwa wurin ma'aikacin gandun daji ya ji abin da aka yarda da shi.

Akwai aikin da ya rage ga kowa. Ma'aikatan gandun daji, in suna shirin dashen ranar 3 ga Agusta, wadda aka mayar ranar icce tun 1975, su sa irin dargaza cikin gandun renon tsiro tare da bedi da ƙaro. Masu kula da kasuwannin makamashi na karkara su koya wa masu sara su tsallake ta. Malaman yaƙi da jahilci kuwa suna da ɗalibai a garuruwan da tsofaffin mahalba suke zaune. Ɗalibin da ya iya rubutu yana iya zama gaban tsohon garinsu da takarda da alƙalami, ya rubuta sunayen itatuwan da ake baka da su a wannan yanki, da inda suke tsira, da watan da ake saransu, domin kowace ƙasa da nata: abin da Bagobiri ya sani ba lalle ne mutumin Arewa ko na Damagaram ya san shi ba. In aka yi haka, sani zai zauna a takarda, icce kuma ya zauna a gona, yaron da ya so ya koyi aikin kakansa ya tarar da su duka biyu.